Shida Cikin Ɗari a Gonar Baba

Shekarar da yaƙi ya koro ni daga Khartum, na iso ƙauyenmu da jaka ɗaya, da ciwon baya, da wata 'yar mitar auna wuta wadda ban ma san lokacin da na jefa ta cikin kayana ba. Ƙauyen yana bakin kogi, tsakanin Sinnar da Suki. Niyyata in kwanta wata guda, kada kowa ya ce mini ci kanki. Ban ko gama warware gajiyar hanya ba Baba ya turo Inna ta tashe ni, wai doktora ta zo ta duba masa taga.

Ni ba doktora ba ce, shi ma ya sani, tsokana ce kawai. Tagar kuma ba ta ɗaki ba ce. A Larabcin nan ana ce wa wutar hasken rana taga shamsiyya, mutanenmu suka yanke wutsiyar suka bar taga, har farantan da ke tara hasken ma taga suke ce musu. Mutum zai ce maka ya sayo tagogi a kasuwa alhali ko bango ba shi da shi.

Abin dariyar shi ne aikina ke nan a Khartum, ko in ce ɗan'uwansa. Shekaru na yi a wani ɗakin gwaji ina auna 'yan ƙananan ƙwayoyin sola irin na siririn shafe. Akan ɗauko gilashi a shafa masa sinadari, shafen da ko ɓawon albasa ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, a yanko kamar faɗin farce a kawo mini. Ni kuma in faɗi kashi nawa cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa wutar lantarki. Wannan adadin shi ake kira kafa'a da Larabci. Ba da rana muke aunawa ba, don rana ba ta da alkawari. Fitila ce aka saita ta yi hasken tsakar rana, ɗaki a rufe, sanyi a daidaice, a ɗora wa ƙwayar baƙin marfi mai 'yar kafa wadda aka san faɗinta sarai. In ka kuskure faɗin nan ko da ɗan kaɗan ne, lissafinka duka ya zama ƙarya. Ɗalibai kan tsaya a bayana suna haɗiyar yawu. In na faɗi adadin wani ya ce don Allah in sake, in sake, ya fito yadda ya fito da farko. Ba su cika gaishe ni a hanya ba.

Baba bai taɓa shiga ɗakin nan ba, bai kuma taɓa tambayata me nake aunawa ba. Shi a kambo aka haife shi, wato zangon 'yan ƙwadago da ke gefen gonakin Jazira. Gonar da gwamnati ta yanka wa manomi ana ce mata hawasha. Ubansa bai samu ba, shi ma bai samu ba. Abin da ya samu shi ne nus, wato rabi: ka noma hawashar wani da ƙarfinka, ranar girbi a kasa amfanin biyu. Kafin a kasa kuma sai an cire na ruwa, an cire na tarakta, an cire na buhuna, sannan mai hawasha ya fara zaɓa. Ina yarinya na sha tsayawa a bakin masussuka ina kallon tarin dawa yana raguwa tun ba a zo kanmu ba. Baba ba ya gardama a wurin. Sai mun dawo gida ya rasa wanda zai yi wa faɗa, ya yi wa jaki.

Sai da gemunsa ya yi fari fat sannan ya mallaki tasa, bayan mun baro kambo mun dawo nan. Wata 'yar siririyar gona ce a gaɓar kogi, in ka yi kira daga wannan gefe na wancan gefen zai ji ka ba sai ka ɗaga murya ba. Amma ba a raba amfaninta da kowa, kuma wannan kaɗai ya ishe shi. Ya fara noman albasa da injin ban ruwa na haya. Da abubuwa suka rikice, jaz, man da injin ke sha, ya yi ɓatan dabo. Baba ya sayar da saniyarsa ta ƙarshe, ya tafi Sinnar, ya dawo da ƙaramin famfo da tagogi na hannu. Baƙaƙe ne wuluk, ba irin masu shuɗin gida-gida ba. Ina ganinsu na gane dangina ne: siririn shafe, mai araha, mai cin fili.

Ruwan da famfon ke turowa kuwa, ko tulu ka tara sai ka yi gyangyaɗi kafin ya cika. An riga an dasa albasar, bakin ganyenta ya fara rawaya, fangalin da ke can ƙurya ya tsattsage. In ruwa bai ƙaru ba dashen zai mutu, saniyar ta tafi a banza.

Na ce masa ba ni da fitila, ba ni da ɗaki, ba ni da komai sai 'yar mita. Ya ce ga rana can a sama kyauta, wace fitila kuma nake nema.

Haka na yi awon da ban taɓa yin irinsa ba. Na kwance taga ɗaya, wadda ta fi kyan gani, na share ta. Na ari tef ɗin ɗinkin Inna na auna tsawo da faɗi. Na jira har inuwata ta gajarce iyakar gajartarta, sama ba ko gajimare, sannan na ɗauka hasken ya kai abin da littafi ya ce, wat dubu a kan kowace murabba'in mita. Ɗauka na yi, don ba ni da abin da zan tabbatar. Taga ba ta nuna gaskiyar ƙarfinta sai an ɗora mata kaya, don haka na zare wayar wani tsohon rishon lantarki na miƙe ta a kan itace, ina matsar da maƙali a jikinta kaɗan-kaɗan. A kowane matsi in auna ƙarfin wutar, in sauya igiyoyi in auna yawan gudunta, in ninka su, ina neman inda lissafin ya fi tsayi. Mita ɗaya ce, kafin in gama sauyawa rana ta gusa. Gilashin ya yi zafin da ba a dafa shi da tafin hannu, gumi yana shiga mini ido, bayana kamar zai rabe. Da ɗalibi ne ya kawo mini irin wannan awon a Khartum, da korarsa zan yi.

Shida ya fito. Ko biyar da rabi, ko shida da rabi, amma dai nan wajen. Na ma ji sanyi a raina, don irin wannan tagar in ta sha rana iyakarta ke nan, ba wanda ya cuce shi. Ke nan ciwon yana wani wuri dabam, kuma abin da ke wani wuri ana iya nemo shi.

Inna ta kawo kisra, wainar dawar nan mai faɗi marar kauri, da miyar kuɓewa. Baba yana ci a gindin dalbejiya, ni ina gefe ina fifita da mayafi.

"Mi kinka samu?" ya ce.

"Shida cikin ɗari, Baba."

"Shida mi?"

"Kafa'arta ke nan. Ya'ani in rana ta zubo mata haske kashi ɗari, shida take maidawa wuta."

Ya tsaya da loma a hannu. "To tis'in da huɗun fa? Wa ka ɗaukar su?"

"Ba kowa. Wani ya koma sama, wani ya zama zahi, wani ya wuce abinshi."

"Ba kowa." Ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. "Tun ina yaro nike jin ba kowa. Na ruwa, ba kowa yac ci ba. Na buhu, ba kowa yac ci ba. Wallahi ko mugun mai hawasha bai taɓa duban idona yac ce min shida ba."

Na ce masa ba haka abin yake ba. Na ce ko masu tsadar da attajirai ke sawa a kan soro ba su yi nisa da kashi ashirin ba.

"Ashe duk dangin ɓarayi na," ya ce, ya ture kwanon.

Na gaji, rana ta dafa mini kai, kuma ni dama ba gwanar lallashi ba ce. Na ce masa ya ba ni 'yan kwanaki in bi sauran tagogin ɗaya bayan ɗaya, don awon ba ya yiwuwa sai da tsakar rana. Ya ce to. Irin to ɗin da yakan ce wa masu hawasha ne, amma a lokacin ban lura ba.

Maƙwabcinmu a gona wani Alhaji ne, tsaran Baba, mutumin kirki mai yawan magana. Yana da injinsa, yana kuma da gangar jaz da ya ɓoye tun kafin ya yi wuya. Tun farkon rani ya yi wa Baba tayin ya ba shi ruwa su raba albasa, Baba ya ce Allah ya kiyaye, shi da nus har abada. Washegarin awon nan Juma'a ce. Ina gida ina shafa wa bayana man zafi, Inna ta shigo ta zauna a bakin gado, ta gyara ɗankwali ta ba ni labari. Bayan an sauko daga masallaci Baba da kansa ya je ya sami Alhaji. A gaban liman da dattawa suka ƙulla: ruwa na Alhaji, ƙasa da aiki na Baba, albasa nus da nus. An shafa Fatiha.

Ban san lokacin da na iso zaure ba. Yana zaune yana gyara ƙotar fartanya.

"Baba, mi kay yi haka?"

"Da hamsin da shida, wanne yaf fi?" ya ce, bai ko ɗago ba. "Ke da kinka yi karatu."

"Ba iri ɗaya ba ne! Shidan nan duka naka na. Rana ba ta zuwa da buhu ranar cire albasa. Alhaji ko zai zo."

"Ɗiyata, duk wanda yac ce miki kashi kaza cikin ɗari, akwai mai riƙe da sauran. Ko ba ki gan shi ba yanzu, zai hito ranar girbi. Gara wanda na san huskatai."

"Gonarka ce fa! Ka sai da saniya don kar ka raba da kowa, yanzu ka kai rabi da ƙahwarka?"

"Albasa na mutuwa, ke kina jiran tsakar rana." Ya buga ƙotar a ƙasa ya duba ko ta zauna. "An shafa Fatiha. Halas, magana ta ƙare."

Na ji haushinsa, haushin da ban taɓa jin irinsa ba. Na ji haushin kalmar, na ji haushin duk wanda ya fara koya wa mutanenmu kashi cikin ɗari, don a bakin masussuka suka koye ta, kuma a can ba ta taɓa zuwa da alheri ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, na sani. Sanin bai rage mini komai ba. Na koma ɗaki na juya wa duniya baya. Daga gadon ina jin tuk-tuk ɗin injin Alhaji da safe, yana tura ruwa gonarmu, kowane bugu kamar a cikin kaina.

Ba tausayi ne ya mayar da ni gonar ba, taurin kai ne, da kuma zaman ɗaki da ya ishe ni. Na riƙa fita in rana ta take, lokacin da masu hankali ke neman inuwa, ina kwance tagogin ɗaya-ɗaya. Yawancinsu suka ba ni abin da ta farko ta ba ni. Sai na zo kan wata da ke can ƙarshen layi, wadda ruwa ya taɓa shiga ta gefenta, shafen ya yi fari-fari kamar makero. Ita ko rabin 'yan'uwanta ba ta kai ba. Da yake a jere aka haɗa su, wutar kowacce sai ta bi ta cikin ta gaba, wannan guda ɗayar ita ta shaƙe sauran. Ga wayar da aka ja zuwa famfo siririya, doguwa, an yi mata ɗauri a wurare da leda, tana ɗumi in ka taɓa. Ga tagogin an kwantar da su suna kallon inda mai haɗawa ya ga dama, alhali ranar hunturu ta kudu take bi.

Na cire marar lafiyar na jingine ta a jikin dalbejiya. Na hau motar kasuwa zuwa Suki, na yi yawo shago-shago har na sami waya mai kauri, na dawo ƙafafuna a kumbure. Na matso da tagogin kusa da kogi, na sa duwatsu na karkata su kudu. Ranar da na haɗa, famfon ya yi tari, ya yi shiru, sannan bututun ya cika har yana motsi a ƙasa. Ruwa ya fito da ƙarfinsa ya bi magudana.

Baba yana tsaye da fartanya. Ya kalli ruwan, ya kalli tagogin, ya ce Masha Allah. Daga nan ya sunkuya ya buɗe bakin fangali na farko, ya toshe na biyu, ya ci gaba da aikinsa.

Ba a yi nisa ba gangar Alhaji ta ƙare, kuma ba a sami wani jaz ɗin ba ko na magani. Injin ya yi shiru, kaji suka fara kwana a ƙarƙashinsa. Duk sauran ranin tagogin nan masu shida cikin ɗari su suka shayar da albasarmu. In ta ƙoshi, Baba yakan fasa kunyar gona ya tura ragowar ruwan cikin kuɓewar Alhaji, ba tare da an roƙe shi ba.

Alhaji ba azzalumi ba ne. Wata yamma ya zo har zaure, ina tsakar gida ina jin su. Ya ce shi kunya ta ishe shi, ruwan da ya bayar bai taka kara ya karya ba, yanzu ma shi ake ba, a warware maganar nan, ya yafe.

"Ni nat tai nas same ka," in ji Baba. "Ba kai kaz zo ba. Mutane sun ji."

"To a kira mutanen a hwaɗa musu na yahe."

"Su ce da albasa ta yi kyau na canza magana? Shekarun ga duka ba a taɓa kama ni da haka ba, sai yanzu da nike da gona?"

Alhaji ya yi ta rantse-rantse, ya kawo aya, ya kawo misali. Baba ya zuba masa shayi ya tambaye shi lafiyar jikoki. Na zauna a kan turmi na dafe kai. A kambo Baba ba shi da ƙasa, ba shi da takarda, abin da ya sa masu hawasha ke nemansa kowace shekara shi ne ba ya taɓa tari kafin a kasa, ba ya kuma tayar da maganar da aka shafa wa Fatiha. Da wannan ya ciyar da mu, har ya kai ni jami'a. Na gane duk wannan, kuma duk da haka da zan iya da na girgiza shi.

Albasa ta yi kyau, kyan da ya ƙara mini takaici. Manya-manya, jajaye, masu nauyi a hannu. Muka cire ta cikin zafin bazara, ni da Inna muna yanke ganye har yatsunmu suka yi kanta, idanu suna ruwa ba don kuka ba. Aka bar ta ta sha iska, sannan ranar rabo ta zo. Alhaji bai zo ba. Ya aiko cewa ƙafa ke damunsa, kowa kuma ya san ba ƙafa ba ce.

Baba ya share fili a bakin gona, ya ɗauki kwando. Ɗaya nan, ɗaya can. Ɗaya nan, ɗaya can. Ya hana mu sa masa hannu. Ban taɓa ganin aikin da jikinsa ya sani kamar wannan ba: gwiwar da ke hana shi tsayuwar sallah ta daina ciwo, kwandon yana tafiya kamar da kansa. Ba mai cire na ruwa, ba mai cire na buhu, ba mai tsaye a kansa da sanda. Shi kaɗai ne a gonarsa, yana raba albasarsa biyu.

Da ya gama ya miƙe yana haki, ya nuna tarin da ke wajen hanya ya ce na Alhaji ne, na wajen kogi namu. Sannan ya yafito ni.

"Zo ki duba min. Idona ya rage. Sun yi daidai?"

Na zagaya wannan, na zagaya wancan. Na tsuguna na hango su daga ƙasa, na koma ɗaya gefen na sake hangowa. Ba sai an kawo sikeli ba. Kwandunan da ya kai wajen hanya duk da tozo ya cika su, na wajen kogi kuwa a shafe.

"Namu ya gaza, Baba," na ce. "Da kamar kwando biyu, ko fi."

Na ɗauki kwandon na nufi tarin Alhaji. Ya riƙo mini wuyan hannu. Tafinsa duk ƙasa.

"Bar shi, ɗiyata," ya ce. "Nus ɗina bai taɓa wuce haka ba."

Ya karɓi kwandon ya kife shi, ya zauna a kai yana jiran amalanke.